Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Farfaɗo da MG TA

MG TA ƙaramar mota ce mai kujera biyu da rufin tamfol. An ƙera ta a garin Abingdon da ke kusa da Oxford a Ingila daga 1936 zuwa 1939, kimanin guda 3,000. TB ce ta gaje ta, amma 379 kacal aka yi Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin. Duk TA ɗin da ta kawo yau ta doshi shekara 90, ta ratsa hannuwa da yawa, kowa ya bar tabonsa a jikinta. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin motar da ta jure duk wannan, sannan mai gyara ya illata ta cikin wata shida saboda ɗoki.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne farawa da fenti. Ido kan ruɗi mutum: ya ga tsatsa da lotsewa, sai ya kira mai walda da mai foti. Alhali bodin TA fallayen ƙarfe ne da aka lulluɓa a kan firam na katako, na itacen da Turawan Ingila ke kira ash, aka kafe su da ƙananan ƙusoshi. Wannan firam ɗin ne ke zaune a kan shasi. In katakon ya ruɓe, fenti komai kyansa sai ya tsattsage, domin abin da ke ƙarƙashinsa motsi yake yi. Gwajin ba shi da wuya. Buɗe ƙofa, wadda maƙalinta ke ta baya, ka kama bakinta ka ɗaga sama a hankali. In ginshiƙin da ke riƙe da ita ya biyo hannunka, akwai magana. Sannan ka ɗage shimfiɗar ƙasa ka danna sukuddireba a katakon da ke ƙarƙashin ƙofar, inda ruwa ke kwanciya. Lafiyayyen katako zai ƙi, ruɓaɓɓe kuwa zai nutse kamar danƙo, har ka ga gari baƙi yana zubowa.

Gyaran daga ƙasa yake farawa. A tuɓe motar har shasi, a auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu. In awon bai zo ɗaya ba, ya taɓa karkacewa, sai an miƙe shi tukuna. A kan wannan shasin kafinta zai haɗa firam, ba a kan teburin shagonsa ba, kuma a rataya ƙofofi a tabbata suna rufuwa sumul kafin a mayar da fallayen ƙarfe. Wanda ya juya wannan tsari zai yi aiki biyu, sauri ya haifi nawa. Kuma kada a kuskura a kai wutar walda kusa da katako, yakan ci ta ciki ba a gani ba.

Na biyu shi ne zubar da tsofaffin kaya. Wai ai ana sayar da sababbi. Ana sayarwa, amma sau da yawa ba sa zama daidai, kuma tsohon da ka jefar shi ne ma'auninka. Ko ruɓaɓɓen katako a ajiye, da shi kafinta zai fitar da siffa. A ɗauki hoton komai kafin a kwance, kowane rukunin noti a ledarsa da takarda. A kula ƙwarai da lambar da aka buga a gaban shasi, kada a goge ta wajen kankare tsatsa, don ita ce shaidar asalin motar. Lambobin TA daga 0251 suka fara, saboda lambar wayar tarhon masana'antar ke nan, Abingdon 251. Ƙungiyar MG Car Club, wadda aka kafa a 1930, tana da rajistar irin waɗannan motoci, kuma da wannan lamba ake bin sawu.

Sai maganar zaren noti, inda ko gogaggen bakanike kan faɗa rami. Notunan shasi da bodi na awon Ingila ne na da. Na injin kuwa zarensu na awon mita ne irin na Faransa, amma kawunansu na sifanar Ingila. Dalili kuwa, masana'antar injin ɗin da ke Coventry ta kamfanin Hotchkiss na Faransa ce kafin William Morris, mai kamfanin motoci na Morris Motors, ya saye ta a 1923, kuma aka ci gaba da aiki da na'urorinta. To sai mutum ya ga sifana ta hau, ya ɗauka zaren ma ɗaya ne, ya tura noti da ƙarfi cikin bulok. Juyi biyu zai shiga, na uku ya cinye zaren. Duk notin da bai shiga da yatsu ba, a tsaya a auna.

Injin TA kansa yana shan rashin fahimta. A 1935 aka mayar da kamfanin MG ƙarƙashin Morris Motors, aka rufe sashen tsere, aka tilasta wa Cecil Kimber, jagoran kamfanin, amfani da kayan motocin gida. Shi ya sa TA ta samu injin MPJG mai cc 1292 da ƙarfin doki 50, ɗan uwan na Wolseley Ten. Ba irin XPAG mai cc 1250 da ke cikin TB da magajiyarta TC ba ne, kuma wanda ya riƙe shi kamar wancan zai yi ɓarna. Metal ɗin da kiranshaf ke juyawa a kai ba na sayowa a saka ba ne. Narka farin ƙarfe ake yi a zuba, sannan a sassaƙe shi daidai awo, aikin masu sana'ar ne kawai. Kulocinsa kuma a cikin bakin mai yake aiki, fuskarsa an jera mata ƙananan toshe na ɓawon itace irin na bakin kwalba. Bakaniken da bai sani ba zai buɗe ya ga mai, ya ce yoyo ne, ya shiga neman toshe shi. Man nan shi ne rayuwar kulocin. Injin yana kuma yawan tsagewa, musamman tof silinda, don haka a gwada shi kafin a kashe ko sisi a kansa. Tsaga da yawa ana ɗinke ta a sanyi ba tare da walda ba.

Mutane da dama sun gaji sun cire MPJG sun dasa XPAG. Na fahimci uzurinsu, ya fi ƙarfi kuma kayansa sun fi samuwa. Amma a ganina TA da injin wata ta rasa rabin labarinta. In har ya zama dole, a zuba wa na asalin mai a adana shi, ya bi motar duk inda aka sayar da ita.

Akwai ƙananan abubuwa da ake rainawa. Sifirin ɗin TA a cikin mazaunin tagulla bakinsa ke zamewa, mai kuma ta siraran bututu yake isa can. Masu ɗura giris suna toshe bututun, tagullar ta bushe ta cinye. Mai mai kauri ake sa wa. Fetur ɗin E10, mai haɗin sinadarin ethanol har kashi 10 cikin ɗari, da ya zama gama-gari a Birtaniya tun Satumbar 2021 yana cin tsohuwar roba, sai a sauya tiyo ko a riƙa shan E5 mai ƙarancin ethanol.

Wilinta mai wayoyi ne irin na keke, noti ɗaya tal mai kunnuwa biyu ke riƙe kowanne. Na gefen hagu zarensa na dama ne, na gefen dama kuma na hagu, domin tafiya ta riƙa ƙara ɗaure su. In aka musanya mazaunansu wajen haɗawa, tafiyar ce za ta kwance su, taya ta fita a kan titi. A duba kibiyar da ke kan notin kafin a buga, kuma da gudumar jan ƙarfe ko ta fata ake bugawa, ta baƙin ƙarfe tana fasa kunnuwan.