Yadda za ka gane gudu, gidan sauti da yanayin busan saksofon

Wanda ya tashi a Damagaram yana jin algaita a ƙofar fadar Sarki ranar hawan salla, kunnensa ya riga ya san abin busa. Saksofon ma da kara yake magana, sai dai nasa guda ɗaya ne, shafaffe, a ɗaure jikin bakin busawa, na algaita kuwa biyu ne a manne. Adolphe Sax, ɗan Beljiyam, shi ya ƙera shi, ya yi masa rajista a Paris a 1846. Busan da nake magana a kai shi ne irin wanda ake rubutawa a takarda, a busa shi tare da ƙungiyar makaɗa. Shawarata ɗaya ce: kada ka fara da gudu da gidan sautin da manhajar salula ta rubuta maka a kan faifan. Fara da hannunka da maƙogwaronka.

Ka nemi wuri shiru. Ni bayan sallar isha'i nake yi, lokacin da kabu-kabu suka rage kai-komo a Zengo. Sa abin kunne, domin lasifikar salula tana cinye sautukan ƙasa, su ne kuwa za ka fi bukata.

Fara da gudu, wato saurin bugun kiɗan. Ɗora tafinka a cinya, ka bar shi ya bi kiɗan har ya zauna. Sai ka dubi agogo, ka ƙirga bugu nawa ya yi a daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Don koyo, ba abin da ya kai Boléro na Maurice Ravel, marubucin kiɗa ɗan Faransa, na 1928, saboda ƙaramar ganga tana riƙe da bugun tun farko har ƙarshe, kusan minti 15, ba ta gusawa. Idan ka samu 18, wato 72 a minti, ka yi daidai da abin da ke kan takarda. Wasu jagororin makaɗa suna jan shi ƙasa da haka, kuma ni nasu na fi so, domin idan saksofon tenor, mai kaurin murya, ya shigo yana samun sararin lanƙwasa sautinsa.

Akwai tarko a nan. A “Tsohuwar Fada”, wadda Mussorgsky, marubucin kiɗa ɗan Rasha, ya rubuta wa piyano a 1874, Ravel kuma ya raba ta ga kayan kiɗa a 1922 ya ba saksofon alto, ƙanen tenor, muryar gaba, kowane awo, wato gaɓar kiɗan, yana da ƙananan bugu shida. Wanda ya ƙirga shidan duka zai ce kiɗan yana sauri. Ba haka ba ne. Bugu biyu ne manya, kowanne ɗauke da uku a cikinsa. Ka kaɗa kanka dama da hagu a hankali, za ka ji su. Manhajoji sukan faɗa irin wannan ramin, su ba ka lamba mai yawa a kan kiɗa mai nauyin tafiya.

Sai gidan sauti, wato inda waƙar take komawa ta huta. A nan “Tsohuwar Fada” ta sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. Daga farko har ƙarshe akwai sauti ɗaya da ake nanatawa can ƙasa, ba ya tashi daga wurinsa. Ka rufe baki ka yi gunjinsa a maƙogwaro, ka riƙe shi yayin da saksofon ke yawo a sama. Za ka ji lokacin da ya yi nisa da kai, za ka ji kuma lokacin da ya sauko ya zauna daidai kan muryarka. Wannan sautin sol diyez ne, wato sol da aka ɗaga rabin mataki, kiɗan kuwa a minor yake. Don ka rarrabe majo da minor, daga gidan ka hau mataki uku kamar do, re, mi na makaranta: idan na ukun ya fito a buɗe, majo ne, idan ya ɗan rusuna ƙasa, minor ne. A Boléro kuma, kunne yana zaune a do majo tsawon lokaci, sai dab da ƙarshe a ɗaga shi zuwa mi majo na ɗan taƙi. Ko ba ka san sunayen ba, jikinka zai gaya maka an sauya wuri.

In ka samu takardar mai busa, kada ta ruɗe ka. Saksofon alto idan ya busa do na takarda, mi bemol ne ke fitowa, wato mi da aka sauke rabin mataki. Shi ya sa kiɗan da Glazunov, shi ma ɗan Rasha, ya rubuta wa mai busa saksofon Sigurd Rascher a 1934 yake a mi bemol majo, amma a takardar mai alto za ka gan shi a do majo.

Yanayi shi nake bari ƙarshe, kuma ban yarda da masu cewa minor baƙin ciki ne, majo farin ciki, shi ke nan ba. Kiɗan Glazunov a majo yake, amma farkonsa cike yake da kewa, ya kuwa rubuta shi ne a Paris, nesa da Rasha, shekara biyu kafin rasuwarsa. Abin da za ka sa wa kunne shi ne numfashi. Mai algaita yana kumbura kumatu, iska ba ta yankewa. Mai saksofon yakan tsaya ya shaƙa, kuma inda ya zaɓi tsayawa nan ne yake gaya maka inda magana ta ƙare. Ka saurari karkarwar dogon sauti: a faifan Marcel Mule, wanda ya koyar da saksofon a makarantar kiɗa ta Paris daga 1942, mai sauri ce, ba ta yankewa, masu busa na yanzu kuwa sukan fara sautin a miƙe sannan su girgiza shi. Ka ɗauki kiɗa ɗaya daga bakin mutum biyu, ka ƙirga gudun kowanne, ka rubuta a littafi tare da wuraren da kowanne ya ja numfashi, sannan ka sake jin na farkon.