Sandar wanke gilashi: ta araha ko mai tsada?

Kafin ka tambayi kuɗin sanda, wato doguwar sandar nan mai buroshi a kai da ke tura ruwa zuwa gilashi, ɗan'uwa, ɗaga kai ka dubi gine-ginen da kake wankewa. Tsayinsu ne zai yi maka zaɓi.

In aikinka gidaje ne masu hawa ɗaya ko biyu, irin na unguwannin Madina da Adenta a Accra, sandar araha mai mita 6 ko 7 ta wadatar, ta faiba-gilas ce ko wadda aka gauraya da kabon. Ta alminiyon ma tana yi, sai dai tana cin kafaɗa, shi ya sa ba na barin yarana su wuni da ita.

Daga hawa uku zuwa sama, kamar ofisoshin Ridge, sai kabon zalla. Ta araha in ka zare ta mita 10, rangaji take yi kamar karan dawa, buroshi ya ƙi zama inda ka sa shi, da yamma wuyanka da bayanka su gaya maka. Kabon ba nauyi, ga tsauri. Sandunan kamfanoni irin su Gardiner da Unger daga waje ake kawo su, don haka ka haɗa da kuɗin dako da na kwastan kafin ka ce ka san farashi.

Kowacce ce, kada ka biya sai ka zare ta duka, ka riƙe ta a kwance, ka ga yadda kanta ke sunkuyawa. Sannan ka taɓa makullan da ke riƙe gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Nan sanda take fara mutuwa. Ƙurar hunturu na shiga tsakanin gaɓoɓi tana gurzar su, sai ka ga sanda na zamewa kana tsakiyar aiki. Tambayi mai sayarwa ko ana samun makulli da gaɓa daban. In ya ce babu, bar masa kayansa komai arharta.

Abin da ya fi damuna shi ne mutum ya zuba duk jarinsa a sanda ya manta da ruwa. Ruwan ne ke wanki, tunda ba gogewa ake yi ba, shi kaɗai zai bushe. Ruwan bohol ko na tanka yakan bar farin tabo. Sayi mitar TDS (mai auna ma'adinan da suka narke a ruwa) da tulun rezin (mai tace su) tukuna, ka tabbata ruwanka bai wuce 10 a mitar ba, sifili ya fi. Abin da ya rage, shi ne kuɗin sanda.

Tagar luba (mai jerin falle-fallen gilashi) kuwa, sanda ba ta yi mata, ruwa cikin ɗakin mutane zai zuba. Tsumma da hannu ne nata.

Don Allah ka kula da wayoyin ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana. Kabon da alminiyon duk suna ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar sanda kowace iri ce haɗari ce. Inda waya ta ratsa kusa da taga, gaya wa mai gida wannan tagar daga ciki za ka wanke ta.