Yadda ake shirya taron tunawa da jagorar asusun mata

A shekarar 1991 ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, inda mata ke haɗuwa kowane mako suna zuba ɗan abin da ya samu cikin akwatin ƙarfe, suna ba junansu rance, sannan su raba idan shekara ta kewayo. Matan da suka ɗauki wannan aiki tun farko, suna bin ƙauyuka da ƙafa, yanzu tsufa ya cim musu, wasu kuma Allah ya yi musu rasuwa. Idan irin wannan rashi ya same ku, ga yadda za ku tuna da marigayiya ta hanyar da ta dace da aikinta.

Abu na farko shi ne sauke amana, domin bai kamata a taru ana yabon mutum alhali lissafinsa yana rataye ba. Bayan an share makoki, sai a kira mata uku masu riƙe da mabuɗan kwaɗuna uku na akwatin ƙungiya, a buɗe akwatin a gaban dukan 'yan ƙungiya tare da wakili daga iyalinta, a ƙirga kuɗin a kan tabarma da babbar murya, a gwada da abin da ke cikin littafi. Idan ƙungiya na bin ta bashi, a sanar da magada cikin ladabi kafin a raba gado, tunda shari'a ta gabatar da biyan bashi. Idan kuma ita ke da zubi a ciki, a miƙa musu shi har da ribarsa. Na taɓa ganin ƙungiyar da ta watse saboda kunya ta hana a yi wannan zama, kuma har yau abin yana damuna.

Bayan haka sai a tattara tarihinta daga bakin waɗanda suka zauna da ita. Ku sami yarinya mai ilimi ta bi tsofaffin 'yan ƙungiya gida gida da wayar salula, ta gaishe su, ta nemi izini kafin ta ɗauki murya. Tambaya irin ta “Inna, da dala nawa kuka fara zubi?” ta fi buɗe baki a kan a ce su faɗi halinta, domin kowa zai ce mai haƙuri ce, ya yi shiru. Wajen rubutawa a lura cewa dala ɗaya tamma 5 ce, saboda haka dala ashirin tamma 100 ke nan. Tsofaffi ba su cika riƙe shekaru da lamba ba, amma suna tuna karyewar darajar sefa a 1994 da ƙarancin abincin 2005, sai a auna labarin da su. Kada a ambaci sunan wadda ta taɓa kasa biyan rance, ko da ta rasu, domin rufin asiri yana cikin abin da marigayiya ta tsare.

Game da ranar taro, a shawarci iyalinta da mai unguwa, a kauce wa Litinin da Juma'a da kasuwar Maraɗi ke ci, a kuma kauce wa tsakiyar damina. A buɗe da addu'a, a taƙaita jawaban manyan baƙi, a bar mafi yawan lokaci ga matan da suka sayi akuya ko suka fara sana'ar ƙuli-ƙuli da rancen farko. Kuɗin goro da ruwa su fito daga karo-karo na musamman. Kada a taɓa zubin mutane.

A ganina, mafi amfanin abin da za a yi a ranar shi ne kafa sabuwar ƙungiya ta 'yan mata, a sayo musu akwati da kwaɗuna uku, a haɗa su da dattijuwa ɗaya da za ta zauna da su har rabon farko. Idan akwai masu shakka game da ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, a gayyato malami ya yi bayani tun kafin a fara zubi. Kafin a watse, a tsayar da ranar zamansu na farko, a kuma ba iyalin marigayiya kwafi ɗaya na tarihin da aka rubuta, ɗaya kuma a ajiye shi cikin akwatin.