Yadda ake tura ɗan ƙaramin kayan katako zuwa ƙasar waje daga Bauchi

A kan samu wanda ɗan'uwansa da ke Ingila ko Amurka ya roƙe shi ya aika masa da turmi da taɓarya, ko alluna goma na makarantar yara, ko kuma kafinta wanda wani baƙo ya ga ƙofar da ya sassaƙa ya nemi a tura masa samfuri. Kayan ba su kai a cika kwantena ba, amma dokar da ke kansu kusan ita ce ke kan mai kwantena. Yawancin abin da zai sa kayan su isa ko a tsare su a hanya, tun suna nan Bauchi ake yanke shi.

Matakin farko shi ne a tantance abin da za a tura. Hukumar Kwastam ta Najeriya ta sanya katako, na gungume da wanda aka yanka falankai, a cikin jerin kayan da aka haramta fitarwa. Saboda haka wanda ya je wurin 'yan katako ya sayi falankai biyar da niyyar aikawa, asara ya saya. Abin da ake iya magana a kansa shi ne kayan da aka gama sarrafawa, irin su kujera, akushi, allo ko ƙofa. Ko a nan ma sai an yi hattara, domin gwamnatin tarayya ta sha sanya takunkumi a kan kayan itace da gawayi, ta sassauta, ta kuma sake tsanantawa. Kafin a biya masassaƙi ko kwabo, a je ofishin kwastam a faɗi ainihin kayan da adadinsu, a tambaya ko doka ta yarda da fitar da su a yanzu, a kuma bincika a sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya.

Daga nan sai sanin irin icen, kuma a ganina nan ne mutanenmu suka fi sakaci. A wurinmu ice ice ne, in dai yana da ƙwari, amma jami'in da zai buɗe kwalin a can sunan bishiyar yake nema. Yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sanya madobiya cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu a taron Johannesburg na 2016, bayan saran da aka yi mata a Afirka ta Yamma domin kai wa Sin, wanda maƙwabtanmu na Taraba suka ga ɓarnarsa da idonsu. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A taron Panama na 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo. Ko da yake ƙa'idar ta fi ƙarfi a kan gungume da falankai, ni dai shawarata ita ce a guje wa waɗannan ukun gaba ɗaya, domin mai ɗan kaya ba shi da halin jayayya da jami'i a wata ƙasa. A tambayi masassaƙin da wane ice ya yi aikin, ko kirya ce ko aduwa ko wani daban, a nemi jami'in gandun daji ya rubuta sunansa na kimiyya, a kuma karɓi rasit. Amurka tana da dokar Lacey, wadda ke neman a bayyana nau'in ice da ƙasar da aka sare shi a kan kayan katako da yawa da ake shigarwa don kasuwanci.

Mataki na uku shi ne gyaran kayan. A cire duk ɓawon da ya rage, domin a ƙarƙashinsa ƙwari ke ɓuya, a goge da samfefa, a kakkaɓe ƙasa. A ajiye kayan a kan farar takarda na kwana biyu ko uku. Idan aka ga gari mai laushi ya zubo daga wasu ƙananan huji, to akwai ƙwaro a ciki, kuma wannan yanki ya fita daga lissafi. Sai bushewa. Icen da aka naɗe da danshinsa zai yi fumfuna kafin ya isa, wanda aka shanya a tsakar rana kuma zai tsage. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa. Mu a nan mun yi sa'ar hunturu, wanda ke yin wannan aiki kyauta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don haka wanda ba ya sauri gara ya jira lokacin.

Sai takardu. Hukumar NAQS, wadda ke kula da killace kayan noma, ita ce ke duba kaya ta bayar da takardar shaidar lafiyar tsirrai, kuma ita za ta ce ko ana bukatar feshi. Wanda zai karɓi kayan shi ya kamata ya tambayi hukumomin ƙasarsu abin da suke so, domin wasu ƙasashe, irin su Ostareliya, suna da tsanani ƙwarai a kan duk abin da ya fito daga bishiya. Idan sayarwa za a yi, dole a yi rajistar kasuwanci da CAC, a yi rajistar mai fitar da kaya da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya zuwa waje, sannan a cike fom ɗin NXP na fitar da kayan ciniki ta hannun banki, kuma kuɗin cinikin ya dawo ta asusun bankin a cikin kwana 180. Idan kyauta ce ko samfuri, akwai fom ɗin NCX na kayan da ba na ciniki ba. Abin da aka yi wa zane ko sassaƙa mai kama da kayan tarihi kuwa, a kai shi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba da shaidar cewa sabon aiki ne, tun da fitar da kayan tarihi haramun ne.

Wurin ɗauri akwai wani tarko da ba kowa ya san shi ba. Idan aka sa kafinta ya haɗa akwatin falanki, akwatin kansa ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar duniya ta ISPM 15 a kan icen ɗaurin kaya, wadda ta ce sai an gasa icen har cikinsa ya kai digiri 56 a ma'aunin Celsius na tsawon minti 30, ko a yi masa feshin da aka amince da shi, a buga masa hatimi. Akwatin da ba shi da hatimi ana iya ƙone shi ko a mayar da shi da kayan da ke ciki. Mafita mai sauƙi ita ce kwali mai kauri, ko akwatin filawud zalla, domin ƙa'idar ba ta shafi filawud ba.

Abin da ya rage shi ne zaɓen hanya. Kayan da ba su wuce kwali ɗaya ko biyu ba, kamfanonin aika saƙo ko jirgin sama ta Kano ko Abuja sun fi dacewa da su. Sai dai a san cewa suna auna girma kamar yadda suke auna nauyi, su caji wanda ya fi yawa. Kamfanonin saƙo kan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5,000, don haka kwali mai 50 da 40 da 40 kilo 16 ne a wurinsu, ko da kujerar da ke ciki kilo 7 ce. Kaya masu nauyi, kamar ƙofofi ko turame da yawa, sai jirgin ruwa daga Apapa ko Tin Can a Legas, inda eja ke haɗa kayan mutane daban-daban a kwantena ɗaya, ana biya bisa mita kubik. Kuɗin jirgin kan yi sauƙi, amma akwai kuɗin mota daga Bauchi zuwa Legas, da na sauke kaya da harajin can, waɗanda sukan zarce kuɗin jirgin kansa. A sa ejan ya rubuta farashin har ƙofar gidan mai karɓa, a ɗauki hoton kowane kaya kafin a rufe kwalin, sannan a tura wa mai karɓa kwafin dukan takardun ta waya tun kayan ba su bar Najeriya ba.