Yadda nake koyar da darasin rashin biyayya a makarantar Lahadi

Na daɗe ina riƙe da ajin 'yan shekara 9 zuwa 12 a ikilisiyarmu, kuma darasin da na ga ya fi ba sababbin malamai wuya shi ne sakamakon rashin biyayya ga Allah. Wani ya tsorata yara da wuta har su koma gida a firgice, wani kuma ya shafa batun sama-sama ya wuce. 'Yan'uwana malamai, ga yadda nake bi da shi.

Ku fara da Sarki Saul, 1 Sama'ila sura 15, kuma kada ku karanta kawai. Nakan sa yaro ɗaya ya zama Saul, ɗaya annabi Sama'ila, sauran su koma bayan aji su yi ta kukan tumaki. Saul yana cewa ya cika umarnin Ubangiji na hallaka Amalekawa da dabbobinsu duka, tumaki suna tona masa asiri. Yara sukan yi dariya, ku bar su su yi. In sun natsu sai ku tambaya: Saul ya ƙi zuwa yaƙin ne? A'a. Ya je, ya ci Amalekawa, amma ya bar sarkinsu Agag da rai, ya ware dabbobi masu kyau, ya ce na hadaya ne. A kan wannan ne sarauta ta kuɓuce masa. Aya ta 22 ita ce ta haddacewa, inda aka nuna biyayya ta fi hadaya. Yaron da aka aika kai niƙa, ya kai, amma ya tsaya ƙwallo har dare, yakan gane Saul nan take.

Mako na biyu ku ɗauko labarin Akan, wanda ya ɓoye ganimar da Allah ya haramta, Joshuwa sura 7. Ku rubuta a allo abin da ya binne a alfarwarsa: riga mai kyau, shekel 200 na azurfa (shekel ma'aunin nauyi ne), sandar zinariya mai nauyin shekel 50. A gefe ku rubuta 36, mutanen da suka mutu a yaƙin garin Ai ba su san abin da ya yi ba. Ban taɓa buƙatar dogon bayani bayan wannan ba.

Dawuda ne ya fi son natsuwa. A 2 Sama'ila 12 ya amsa laifinsa na zina da matar Uriya da sa a kashe mijin, annabi Natan ya shaida masa an gafarta masa, duk da haka jaririn da matar ta haifa masa ya mutu, takobi kuma bai rabu da gidansa ba. Ku faɗa wa yara a fili cewa gafara gaskiya ce, tabon ma gaskiya ne. Sannan ku karanta Zabura 51 tare, a hankali.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada ku bar yaro ya fita da tunanin cewa kowace masifa hukunci ce. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko don ta yi ƙarya ne ƙanenta ya kwanta ciwo. Na buɗe mata Yahaya sura 9, inda Yesu ya ce makantar mutumin da aka haifa makaho ba saboda zunubinsa ba ce, ba kuma na iyayensa ba. Tun daga ranar nake sa wannan sura cikin darasin, in rufe da 1 Yahaya 1:9, in ba su minti biyu su yi addu'a shiru, kowa da abin da ke ransa, kafin a buga ƙararrawar shiga sujada.