Birkin iska ba ya tsinkewa rana ɗaya: kurakuran sababbin direbobin manyan motoci

Duk tirelar da ta kwanta a gangara, magana ɗaya ake ji: "birki ne ya tsinke." A kwashe kaya, a ce tsautsayi, a wuce wurin. Tsautsayi gaskiya ne, amma birkin iska kan yi makonni yana ba da sanarwa a agogon iska, a kunne da kuma ƙarƙashin ƙafa kafin ya ƙi kamawa. Yaran da ke tashi daga karen mota su hau sitiyari a tashoshin Katsina da Daura, kurakurai iri ɗaya suke ta maimaitawa, har abin ya gunduri masu gyara.

Wanda bai san hanyar da iskar ke bi ba, ba zai gane laifinsa ba. Inji ne ke juya kwamfureso, shi kuma ya tura iska ta cikin diraya, mai tsotse mata danshi, zuwa tukwanen da ake tara ta. Wani ɗan bawul da ake kira gwamna ke tsayar da cikawa idan agogo ya kai wajen 120 zuwa 125 psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar, ya sake sakinta idan ta sauko kusan 100. Motocin Turai da na Sin, irin su DAF, MAN da Howo, da bar suke ƙirga, wato wajen bar 8, sababbin ma sun haura haka. Ka taka birki, bawul ya buɗe, iska ta shiga busta ta danna robar ciki, robar ta turo sanda, sanda ta tura ajasta, ajasta ta murɗa ƙarfen nan mai siffar S, shi kuma ya buɗe lainin ya matse duram. A bustocin baya akwai ɗaki na biyu mai ƙaton sifirin, iska ce ke danne shi. Idan ka ja hambirki, iskar ɗakin ka fitar, sifirin ya kama taya. Ka ga iska aiki biyu take yi, tana taka maka birki, tana kuma riƙe sifirin kada ya kama.

Babban kuskuren da ya fi cin rayuka shi ne sauka gangara a firi ko da babbar giya, wai don a rage shan gas. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Katsina zuwa Jibiya, daga Daura zuwa Kwangwalam, babu tudun da zai koya wa yaro hankali, sai ya saba da sakin mota tana gudu da kanta. Ranar da lodi ya kai shi Filato ya fuskanci Hawan Kibo da tan talatin a bayansa, da wannan ɗabi'ar zai sauka. To ga abin da ke faruwa. A firi inji ya koma silo, kwamfureso ya rage juyawa, iska na shigowa kaɗan-kaɗan. Mota na ƙara gudu, direba ya shiga taka-saki, taka-saki, kuma duk saki ɗaya iskar da ta shiga bustoci waje take fita. Ana ɗiba ba a zubawa. A ɗaya gefen, nauyin motar kacokan ya koma kan lainin da duram. Duram ya yi zafi ya buɗe, ya yi nesa da lainin, lainin ɗin ya ƙone ya yi sulɓi. Nan ne za ka ga agogo na nuna akwai iska, ƙafa na ƙasa, mota kuma ko a jikinta. Lissafin ba ya tausayi: ka ninka gudu biyu, zafin da birki zai sha ya ninka huɗu. Ka haɗa da lodin da ya ninka biyu, ya zama takwas. Kuma da mota ta riga ta kwasa, giya ba za ta koma ba, sai ƙarar haƙora kawai.

Wane irin gas ne wannan da za a sayar da rai a kansa? Lita nawa ka rage? Ni dai ƙa'idata ita ce a zaɓi giya tun a kan tudu, kafin hancin mota ya sunkuya, kuma ta zama ƙasa da wadda za a hau tudun da ita. A kunna birkin salansa ko ritada, masu rage gudu ba tare da taɓa duram ba, idan motar na da shi, a bar inji ya riƙe nauyi. Idan ka yanke cewa kilomita 30 ne gudunka, da allura ta taɓa 30 ka taka da ƙarfi daidai har ta sauko wajen 22, ka saki gaba ɗaya, ka bar duram ya sha iska, in ta sake hawa ka maimaita. Wasu tsofaffin hannu sun fi son ɗora ƙafa a hankali tun daga sama har ƙasa. Ban yarda da wannan ba, domin taka mai sauƙi ba ta sa duka tayoyi su kama daidai, biyu ko uku ne za su yi ta aikin su kaɗai har su ƙone. In ka ji ƙauri ko ka hango hayaƙi a madubi, nemi wuri ka tsaya, ka sa waigi ka tare taya, kada ka ja hambirki a kan duram mai zafi. Karen motar da zai rugo da jarkar ruwa ya watsa wa duram kuwa, a hana shi, tsagewa yake yi.

Na biyu, wanda shi ke sa na farko ya zama ajali, shi ne sakaci da saiti. Lainin na cinyewa, tazara na ƙaruwa, sandar busta na ƙara tafiya kafin ta kama. Busta mai lamba 30, wadda ta fi yawa a ƙafafun baya, iyakar tafiyar da aka yarda wa sandarta inci 2 ne, wajen milimita 50. Da ta wuce haka ƙarfin turawa ya fara zubewa, in duram ya yi zafi ya buɗe kuma sai sandar ta kai ƙarshe ba ta matse komai ba. Awon ba ya cin minti goma. Sa waigi, saki hambirki, yi wa sanda alama da alli daidai bakin busta, yaro ya taka birki sosai da iska tsakanin 90 da 100 psi, ka auna yadda alamar ta matsa. Idan kai kaɗai ne, ja ajasta da hannu, in ta motsa fiye da inci ɗaya akwai gyara. Ajastar da ake saitawa da hannu, a ɗaure ta har lainin ya taɓa duram sannan a dawo baya kwata zuwa rabin zagaye. Mai saita kanta kuwa, idan ta wuce iyaka to ta lalace ko wani abu ya cinye a ƙafar, murɗa ta da sifana ɓoye ciwo ne, kwana kaɗan za ta koma.

A nan ne kuma ake yin abin kunyar da ya zama ruwan dare: robar busta ta fashe a hanya, sai a lanƙwasa tiyo a ɗaure da waya, ko a toshe da noti, a ce "in mun isa a gyara." An isa, an sauke, an yi sabon lodi, wata uku tiyon na ɗaure. Ka leƙa ƙarƙashin wata tirelar da ta ɗauko shanu daga Mai'aduwa, ka tarar ƙafa biyu ko uku a kashe. Sauran su ke ɗaukar zafin, kuma ranar taka ta gaggawa motar gefe guda za ta ja. Wasu har birkin gaba suke kashewa da gangan, wai yana ƙwace sitiyari. Wannan tsohon zance ne, abin da yake yi kawai shi ne ƙara tsawon filin da mota za ta ci kafin ta tsaya. Maigida mai mota, wannan laifin har da kai, kai ke cewa a lallaɓa. Roba nawa take?

Gargaɗi ga bakanike da yaransa: ɗakin sifirin ba wurin gwaji ba ne. Ƙarfin da ke matse a ciki ya kai wajen tan guda, ya isa ya fasa kan mutum. Kafin a taɓa busta a sa waigi, a zura dogon notin nan da ke maƙale a jikinta ta ramin baya, a ɗaure har sifirin ya kamu. Zoben ɗakin sifirin ba a kwance shi ko da wasa, in ya lalace a canza bustar. In an gama a cire notin, domin motar da aka bari a haka ba ta da hambirki.

Sai ruwa a tukunya. Iskar da aka matsa gumi take yi, ga ɗan baƙin mai da kwamfureso ke turowa. Su taru su rage wurin iska, su sa tsatsa, su cinye robobin bawul. A ja zaren zubar da ruwa na kowace tukunya kullum bayan an tashi aiki, musamman da damina. Ruwa mai yawa na nufin kwalbar diraya ta gaji, ni shekara guda nake ba ta. Baƙin mai kamar kunu kuwa, kwamfureso ne ya fara tafiya. Da hunturu a riƙa duba matatar iska, ƙurar Katsina ba ta da sabo.

Wani kuskuren kuma shi ne tashi da mota ƙararrawar ƙarancin iska na kuka, wani ma ya cire wayarta don ta dame shi. Ƙararrawar na fara kuka ne wajen 60 psi, kimanin bar 4, a motocin Turai ma tun sama da haka. Iska na ci gaba da sauka sifirin ya fara jan taya, a irin su Mack kuma maɓallin hambirkin nan ruwan ɗorawa ya yi tsalle da kansa tsakanin 45 da 20 psi, ko a tsakiyar titi ne. Da safe a cika iska, a kashe inji, a saki hambirki, a danne birki minti ɗaya. Bayan faɗuwar farko, kada allura ta sauka fiye da 3 psi a mota guda, ko 4 in da bodi a haɗe. Ta wuce haka, kumfar sabulu za ta nuna inda ke yoyo.

Birkin iska na da ɗan jinkiri, kusan rabin daƙiƙa kafin ya kama, don haka manne wa bayan ƙaramar mota neman magana ne. Kada a taka birki da ƙarfi alhali hambirki na ja, ƙarfin biyu na haɗuwa a kan ajasta. Hannun birkin bodi ba na fakin ba ne, iska na zurarewa mota ta gangara. Wajen haɗa tiyo, mai launin ja shi ne mai ciyar da tukunyar bodi, ɗayan shuɗi ne a motar Amurka, ruwan ɗorawa a ta Turai, kuma a duba robar bakinsu kafin a murɗa.