Zuba wa Ƙaramin Inji Fetur Ba Tare da Gobara Ba

Ko janareta ne, ko injin ban ruwa, ko na yankan ciyawa, fara kashe shi tukuna, ka bari ya huce. Ɗigo ɗaya a kan salansa mai zafi ya isa ya ta da wuta. Ni nakan kai bayan hannuna kusa da salansar, in na ji huci sai in ƙara jira.

A fili ake zuba fetur. Tururinsa ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, bin ƙasa yake yi har ya iske murhu ko guntun taba. Da dare a haska da tocila, ban da kyandir.

Sa mazurari, kuma kada ka cika tanki har wuya, don mai yana ƙaruwa in ya ji zafi. Goge wanda ya zube, ka janye injin kamar mita 3 kafin ka ja igiya.

Zarto mai inji kuwa, sai an gauraya masa fetur da man injinsa. Galibi mililita 20 ne a kowace lita, amma duba littafinsa. In wuta ta tashi, yashi ko tukunyar kashe gobara za ka nema, ruwa yaɗa ta zai yi.